Hankakan da Ba Shi da Farin Ƙirji

Shekarar da mahaifina ya zo Amurka a cire masa yanar ido, muna zaune a Germantown, a wani gida mai hawa biyu da baranda ta katako a baya. Ni injiniya ne, kullum safe ina kan babban titin da ke shiga Washington ina zagin cunkoso a cikin raina. Matata ma'aikaciyar jinya ce. 'Yarmu ɗaya a lokacin, shekararta goma sha ɗaya. Sunan marigayiya mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa ba na kama sunan, Mamana nake ce mata. Tana jin Hausa tsaf, ko gulmarta aka yi a kicin sai ka ga ta ɗago kai daga falo. Amsa ce dai sai da Turanci. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi alkawarin keke, duk a banza.

Bayan idon, abu ɗaya nake so daga wannan zuwan: in ga tsohon nan da jikarsa sun zauna sun yi hira baki da baki, ko da sau ɗaya ne. Rabonsa da ita tun tana goye. Ya haura saba'in, tikitinsa na wata uku ne, kuma tun a waya ya gaya mini daga wannan ba zai ƙara hawa jirgin sama ba.

Tun a filin jirgi aka ɓata. Mamana ta rusuna ta gaishe shi yadda na koya mata, har ina jin kaina yana girma. Baba ya matso da fuskarsa kusa, ya ƙare mata kallo da idon da ya fi dama-dama, ya juyo gare ni.

"Wannan ce?" in ji shi. "Wannan ce kuka sa wa sunan matata? Ƙafafu kamar na zalɓe! Ba ku ba ta abinci ne? Wallahi an cuce ni."

Na tuntsire da dariya, matata ma ta rufe baki tana dariya. Sai da muka hau titi na duba madubi na ga Mamana ta juya fuska ga taga, hawaye yana bin kumatunta.

Laifina ne, kuma na sani. Na koya mata gaisuwa, na koya mata ba a kallon babba ido cikin ido, ba a mayar masa da magana. Abin da ban taɓa gaya mata ba shi ne akwai babba guda ɗaya da wannan doka ba ta hau kansa ba, wato kaka. A gida, tsakanin jika da kaka tsiya ce abincin yau da gobe. Ni kaina na sha tsayawa a ƙofar zaure in ce wa kakana mai haƙori ɗaya, ya biyo ni da sanda yana dariya, in ya kama ni ya cusa mini ƙuli-ƙuli a aljihu. Jikan da ba a tsokana shi ne abin tausayi.

Na zaunar da ita na yi mata wannan bayanin. Ta saurara har na gama, sannan ta ce mini da Turanci a makarantarsu wannan cin zali ne, kuma an ce duk wanda aka yi wa ya gaya wa malama.

"To sai ki kai kakan naki ƙara wajen malama," na ce, raina ya fara ɓaci. Matata ta harare ni, na tashi na bar ɗakin.

Daga nan Mamana ta ɗauki hanyar da ta fi kowace ciwo, wato ladabi. Da safe za ta zo ta rusuna, ta ce ina kwana, ya jefa mata tsiya, ta ce lafiya lau, ta ɗauki jakarta ta fice. Da yamma haka. Bayan sati biyu, ina ɗiga wa Baba magani a ido, ya ce mini a hankali, "Yarinyar nan ba ta ramawa. Na jefa, na jefa, shiru. Ko dai ba ta sona ne?" Na ce haba Baba, kunya ce. Amma maganar ta tsaya mini a rai, ranar ko abincin kirki ban ci ba.

An yi masa aikin ido na farko a farkon kaka, lokacin da ganyen bishiyoyi ya fara ja. Aka rufe idon da bandeji, ɗayan kuma dama hazo-hazo yake gani. Sai ya maida baranda wurin zamansa, da hular sanyi da bargo da carbi. Baba tsohon malamin gona ne, ya yi shekara talatin yana yawo a ƙauyukan Kano yana faɗa da tsuntsaye masu cin gero, kuma bai yarda akwai mai fiffiken da bai sani ba. Wata Asabar yana zaune, wasu baƙaƙen tsuntsaye suka sauka a bishiyar maƙwabta suna ta kwaroroto.

"Waɗannan masu surutun fa?" ya tambaye ni.

"Hankaki ne, Baba."

"Suna da farin ƙirji?"

"A'a, baƙaƙe ne ƙirin, daga baki har ƙafa."

"To ba hankaki ba ne."

Na ce haka na nan suke. Ya ce shi ba a yi masa wannan. Hankaka tsuntsu ne mai farar 'yar shara a ƙirji da wuya, haka Allah ya yi shi tun daga Kano har Agadas. Tsuntsu baƙi wuluk ya nemi wani sunan.

Ashe Mamana tana bayan ƙofar gilas tana ji. A shekarar an ba 'yan ajinsu aikin bincike a darasin kimiyya, kowa ya zaɓi wata halitta ta unguwarsu, ita kuma ta zaɓi hankaki saboda sun cika wurin ajiye motoci na kantin da muke cefane. Tana iya haƙuri a ce ƙafarta ta zalɓe ce, amma a ƙaryata littafinta, wannan kam ba za ta iya ba. Sai ga ta ta fito da littafin tsuntsaye da ta aro a laburare, ta tsaya kusa da ni, ba kusa da shi ba, ta ce in gaya masa.

Haka na zama tafinta a gidana. Ta ce masana suna jera halittu hawa-hawa, daga babban dangi zuwa zuri'a zuwa gida ɗaya. Hankakan Kano mai farin ƙirji da baƙin nan na Amurka zuri'arsu ɗaya, gida ne kowa da nasa. Akwai ma wani a arewacin Turai, can gaɓar teku mai sanyi, da jikinsa toka-toka ne, kai da fiffike kawai ne baƙi. Da an ɗauka shi da baƙin hankakan Turai abu ɗaya ne, daga baya aka raba musu gida. Akwai kuma wani ɗan ƙarami a ɗaya gefen Amurka, daga gaɓar Alaska zuwa ƙasa, yana kiwo a bakin ruwa in teku ta ja baya, har yakan ɗauki abin da ke da ɓawo ya tashi sama ya sako shi kan dutse ya fashe. Shi wannan masanan ma ba su gama shawara ba, wasu sun ce gidansa daban, wasu sun ce hankakan Amurka ne da zaman bakin teku ya ƙanƙantar.

Baba ya ce, "Gaya mata malaman nata ma ba su san abin da suke yi ba, yau su raba gobe su haɗa kamar masu rabon gado. Ita kuma da kai kamar ƙwarya ta zauna tana haddacewa."

Na juya na ce mata da Turanci, "Ya ce ilimi ne mai zurfi, kuma kin yi ƙoƙari."

Ta dube ni irin kallon da ake yi wa maƙaryaci, don ta ji abin da ya ce sarai. Ta buɗe wani shafi ta miƙa mini hoton sheƙa da ƙwai masu ruwan kore-kore da ɗigo-ɗigo. Ta ce in gaya masa in bai yarda da littafi ba, to shi wane littafi ya rubuta.

Na ce, "Baba, ta ce ga hoton ƙwansu ko za ka so ka gani."

"Ƙwai?" in ji shi, har da gyara zama. "Ka ji ko! Muna yara an gaya mana ba wanda ya taɓa ganin ƙwan hankaka, 'ya'yan wasu yake ɗauka ya rena. Tunda wannan yana ƙwai har ana ɗaukarsa hoto, magana ta ƙare."

Ya san ba haka ba ne, malamin gona ne fa. Neman faɗa kawai yake yi. Ni kuma na tsaya a tsakiya ina wanke kowace magana tas kafin in miƙa, ina ganin zaman lafiya nake haɗawa.

Ana cikin haka tsuntsayen suka sake tashi da kuka. Baba ya ɗaga hannu ya ce mu yi shiru. Ya karkata kai ya ɗan saurara.

"Ko ma mene ne sunansu, iri biyu ne," in ji shi. "Akwai mai buɗe maƙogwaro ya yi kuka daga ƙirji. Akwai kuma mai yi ta hanci, gajere-gajere, kamar yana mura."

Mamana ta saki baki. Nan ne daidai inda aikinta ya cije. Littafin ya ce a yankinmu hankaki gida biyu ne: na gama-gari, da wani ɗan ƙarami kaɗan da ake kira hankakan kifi, wanda asalinsa na gaɓar tekun gabas ne, yana bin manyan koguna yana shigowa cikin ƙasa. A ido ba ka raba su, ko masana ba sa yarda da ido, sai murya. Ta yi sati uku tana saurare ta kasa, duk kuka ɗaya take ji. Ga tsoho da bandeji a fuska ya raba su a zama ɗaya.

Ta rufe littafinta ta koma ciki. Washegari da la'asar dai na dawo daga masallaci na tarar da ita a baranda, a can ƙarshen benci, da takarda da fensir. Shi yana wannan gefe. In mai maƙogwaro ya yi kuka sai ya ɗaga hannun dama, in mai mura ne ya ɗaga na hagu, ita kuma ta ja layi a takarda. Ba wanda ya shirya musu wannan. Haka suka yi ta yi kusan kullum in ta dawo makaranta, kamar kurame biyu a kasuwa. Yana yi yana jefa mata tsiya, wai hannunta a rubutu kamar tafiyar kaza, tana yi kamar ba ta ji ba. Matata ta ce in gode wa Allah, an samu ci gaba. Ni kuwa ina duba kalanda, wata biyu sun tafi, kalmar da ta taɓa haɗa su ba ta wuce ina kwana da lafiya lau ba.

Bayan an yi aikin ido na biyu an cire bandeji, muka kai shi bakin ruwan Chesapeake ya ga teku da sabon ido. Ya daɗe a tsaye yana kallon ruwan, ya ce ikon Allah, duk wannan ba a noman rani da shi. A can kusan duk kukan da muka ji na masu mura ne, suna yawo a kan duwatsu suna tsintar mataccen kifi da guntun ƙaguwa, hannun hagun Baba har ya gaji. Ranar ce ya fara ganin tsuntsayen da kyau. Ya ƙura wa ɗaya ido, ya ga tafiyar ƙasaita, ya ga kallon gefe. Na ce to yanzu fa? Ya ce tafiyar ta yi kama, amma kama ba ita ce ba. Ba farin ƙirji, ba hankaka.

A waɗancan shekarun Babbar Sallah tana faɗowa ne a farkon sanyi. Muka je wata gona a wajen Manassas inda jama'armu ke yin layya, Baba ya zaɓi rago da kansa bayan ya raina guda huɗu. Washegari ya zauna a baranda da wuƙa ya yanyana naman nan sala-sala da hannunsa, ya barbaɗa gishiri, ya ɗaura igiya daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, ya rataye shi ya sha iska kafin a soya, kamar yadda ake yi a gidanmu tun ina yaro. Ya hana kowa taɓawa. Igiya biyu cike, abin sha'awa.

Za mu fita yawon Sallah gidan wasu abokai a Upper Marlboro. Matata ta ce, "Baba, ko a shigo da shi ciki, ko in lulluɓa masa wani abu?"

"Lulluɓi yana hana shi shan iska," in ji shi. "A gida shirwa da hankaka ake wa gadi. Tunda na zo ban ga shirwa ba, hankaka kuma babu shi a ƙasar nan. Ƙuda ma sanyi ya kore su. Ku mu je."

Mamana ta ja hannun rigata ta ce mini da Turanci kafin mu dawo ba za a sami ko tsoka ɗaya ba, tsuntsayen nan suna gane fuskar mutane, suna kuma lura da lokacin da mota ta fita. Ta ce in gaya masa haka, kar in canja.

Na ce, "Baba, ta ce naman ya yi kyau, amma wai ko za a ɗan rufe."

Ya kaɗa hannu. Ni ma, in faɗi gaskiya, ban ɗauki maganar da nauyi ba. Shekara goma sha wani abu ina ganin tsuntsayen nan a kan kwandon shara, ban taɓa kawo su a raina tare da naman layya ba. A can cikin kaina ni ma hankakan da ake wa gadi mai farin ƙirji ne.

Muka ci waina da miyar taushe a Upper Marlboro, Baba ya sami tsofaffi 'yan'uwansa aka yi ta labarin gida, muka juyo bayan la'asar. Tun daga kwanar layinmu na ji hayaniyar. Rufin gidanmu baƙi, rufin maƙwabta baƙi, wayar lantarki baƙa. Na taka matakalar baranda da gudu da babbar rigata. Igiya ɗaya ba komai a kanta sai maiƙo. Ɗayar saura 'yan tsiraru a tsakiya, wani ƙato yana tsaye a kan ginshiƙi da sala guda a baki yana kallona da gefen ido, ko gezau. Can na hango wata tsoka a shimfiɗe a kan gilashin motar maƙwabciyarmu, wata tsohuwar Baturiya da dama ba ta cika son hayaƙin suyarmu ba.

Raina ya ɓaci iyakar ɓaci. Na cire hula na bi su ina kora ina zagi, suka tashi suka koma bishiya, masu maƙogwaro da masu mura duka, kowa yana faɗin albarkacin bakinsa. Baba ya hau baranda a hankali ya tsaya gaban igiyar. Ya taɓa ta da yatsa. Ban taɓa ganin mahaifina ya yi laushi haka ba sai ranar, har ya ba ni tausayi.

Sai na ji murya a bayana, da Hausa, a rarrabe kamar mai taka ƙanƙara.

"Kaka. An gyara maka ido." Ta tsaya ta nemo sauran. "Amma kai, ba a gyara ba."

Na juyo da ƙarfi. "Ke! Mamana! Wa kike gaya wa haka?"

"Kai, rufe mana baki," in ji Baba, ko kallona bai yi ba. "Da kai ake?"

Ya juya gare ta. Gemunsa yana rawa. "Me kika ce, 'yar nema? Sake faɗa in ji."

Ta ɗan ja baya, ta dube ni, ta dube shi. Ta ga bakinsa yana motsi da dariyar da yake dannewa. Sai ta gyara tsayuwa.

"Tsuntsu ya fi ka wayo. Ya ci ragonka. Kai ka ci igiya."

Baba ya fashe da dariya har sai da ya dafa ginshiƙi, ya zauna a benci yana tari, hawaye yana zuba daga idon da likita ya ce kar a murza. Matata ta ruga ta kawo masa ruwa, ita ma tana dariya tana cewa a hankali Baba, ɗinkin.

"Ni zan ci igiya?" in ji shi da ya samu numfashi. "Ke da Hausarki kamar ta ɗan koyo a tasha? To na yarda, hankaki ne. Halin ya nuna. Amma ke kika gayyato su, sati nawa kina rubuta sunayensu."

"Kai ka ɗaga musu hannu," ta ce. "Kullum. Dama da hagu."

Ya sake kecewa. Na buɗe baki zan gyara mata wata kalma da ta karkace, Baba ya nuna ni da carbi.

"Kai kuma tafintan banza, wata biyu kana ɓata mana zance. Ka ɗauka ban san Turancin da kake juyawa ba? Jeka ka cire naman nan daga motar mutane."

Na sauka da tsumma a hannu na nufi gidan maƙwabciya, ina shirya haƙurin da zan ba ta. A bayana ina jin su, ya ce mata mai wuyan gauraka, ta tambaye shi mene ne gauraka, ya kwatanta mata, ta tsaya tana haɗa ramuwa, shi kuma yana jira bai katse ta ba. Rago guda na yi asara ranar, aka kuma kore ni daga aikin tafinta a gaban matata, amma daɗin da na ji a tsaye a bakin motar nan ina goge maiƙo ban san da me zan kwatanta shi ba. Na goge gilashin sau uku, don kar in koma da wuri in katse musu faɗan.